Halin Mai Suka da Ƙarfin Hujjarsa: Nazari a kan Bertrand Russell da Sukarsa ga Addinin Kirista

Tsakure

Wannan maƙala ta duba ko halin da masani ya nuna a rayuwarsa yana iya rushe sukar da ya yi wa addinin Kirista. An ɗauki Bertrand Russell a matsayin abin nazari, domin sukarsa ta shahara, rayuwarsa ta aure ta jawo ce-ce-ku-ce, kuma an taɓa kai batun halinsa gaban kotu a 1940. An rarraba maganganunsa gida uku: hujjojin hankali, shaidar da ta dogara da amanar mai faɗa, da kuma kira zuwa wani tafarkin rayuwa. An nuna cewa hali ba ya taɓa kashi na farko, yana da ta cewa a kashi na biyu, kuma yana da nauyi a kashi na uku, bisa sharaɗin a auna mai suka da mai kariya da ma'auni ɗaya.

1.0 Gabatarwa

Masu kare addinin Kirista sun daɗe suna mayar da martani ga masu sukarsa ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce a ɗauki hujjar mai suka a warware ta. Ta biyu ita ce a buɗe tarihin rayuwarsa a nuna cewa wanda ya aikata kaza da kaza bai cancanci a saurare shi ba. An yi wa Jean-Jacques Rousseau haka saboda ya kai 'ya'yansa biyar gidan marayu a Paris, ga shi kuma ya rubuta littafi a kan tarbiyyar yara. An yi wa Friedrich Nietzsche haka bayan ya sami taɓin hankali a birnin Turin a watan Janairun 1889, har wasu suka ɗauki rashin lafiyar tasa a matsayin hukunci a kan abin da ya rubuta. A 1988 marubucin Birtaniya Paul Johnson ya fitar da littafinsa Intellectuals, inda ya bi rayuwar Rousseau da Marx da Russell da Sartre da wasunsu, yana tambayar ko sun isa su ba duniya shawara alhali gidajensu na cikin ruɗani. A 1999 kuma masanin halayyar ɗan Adam Paul Vitz ya danganta rashin imanin fitattun masana da rashin uba ko raunin dangantaka da shi.

Tambayar tana da muhimmanci domin gaskiya da adalci duka suna cikinta. Idan aka yi watsi da hujja ingantacciya saboda laifin mai ita, an cuci gaskiya. Idan kuma aka ce hali ba shi da wani tasiri ko kaɗan, an rufe ido daga abin da kowane mai hankali ya sani, wato son zuciya yana karkatar da tunani. Don haka abin nema shi ne iyaka: a ina hali yake da hurumin shiga muhawara, a ina kuma ba shi da shi.

2.0 Rayuwar Russell a Taƙaice

An haifi Bertrand Russell a ranar 18 ga Mayu, 1872, cikin gidan sarauta da siyasa. Kakansa Lord John Russell ya riƙe muƙamin firaministan Birtaniya sau biyu. Mahaifiyarsa ta rasu a 1874, mahaifinsa ya bi ta a 1876, sai kakarsa ta riƙe shi cikin tarbiyyar addini mai tsauri. Ya shiga kwalejin Trinity ta jami'ar Cambridge a 1890. Tsakanin 1910 da 1913 shi da Alfred North Whitehead suka wallafa Principia Mathematica, aikin da ya ɗaga shi zuwa sahun manyan masana manɗiƙi. Ya yi adawa da Yaƙin Duniya na Farko, abin da ya jawo masa tarar fam 100 da rasa aikinsa a Trinity a 1916, sannan aka ɗaure shi a kurkukun Brixton a 1918. Ya sami lambar yabo ta Nobel a fannin adabi a 1950. Ya rasu a ranar 2 ga Fabrairu, 1970.

Ɓangaren rayuwarsa da ake kafa hujja da shi shi ne na aure. Ya yi aure sau huɗu: Alys Pearsall Smith a 1894, Dora Black a 1921, Patricia Spence a 1936, da Edith Finch a 1952. Uku na farko sun ƙare da rabuwa. Shi da kansa ya rubuta a tarihin rayuwarsa cewa wata rana yana kan keke ya gane ba ya son Alys kuma, sai dai sun ci gaba da zama shekaru cikin ƙunci kafin su rabu. Ya yi hulɗa da wasu mata a wajen aure, ciki har da Ottoline Morrell da Constance Malleson. Shi da Dora sun yi yarjejeniyar cewa kowannensu yana da 'yancin neman wani, kuma auren ya watse bayan Dora ta haifi 'ya'ya biyu da wani ɗan jaridar Amurka. Ray Monk, wanda ya rubuta tarihinsa a juzu'i biyu a 1996 da 2000, ya bayyana shi a matsayin mutum mai ƙaunar bil'adama a dunƙule amma mai sanyin zuciya ga wasu daga cikin makusantansa. Ba a musun waɗannan abubuwa, kuma wannan maƙala ba ta neman wanke su. Mutane na gaske ne suka sha wahalarsu.

3.0 Abin da Sukar ta Ƙunsa

A ranar 6 ga Maris, 1927, Russell ya gabatar da lacca a zauren taro na Battersea da ke Landan, bisa gayyatar wata ƙungiyar masu raba addini da harkokin mulki. Laccar ita ce aka buga da sunan Why I Am Not a Christian, wato bayanin dalilansa na ƙin zama Kirista. Ya fara da fayyace wanda yake nufi da Kirista: mai imani da Allah da rayuwa bayan mutuwa, wanda kuma ya yarda cewa Yesu Almasihu, ko da a mafi ƙaranci, shi ne mafi nagarta da hikima cikin mutane.

Daga nan ya bi hujjojin samuwar Allah ɗaya bayan ɗaya. Ya soki hujjar musabbabi na farko da cewa idan kowane abu yana da musabbabi, to tambayar za ta koma kan Allah ma. Ya soki hujjar dokokin halitta, da hujjar tsarin halittu wadda ya ce bayanin Darwin ya raunana ta, da hujjar ɗabi'a, da hujjar cewa dole a sami lahira don a gyara zaluncin duniya. Sai ya juya kan Yesu. Ya yaba wasu koyarwarsa, kamar haƙuri da mai cutarwa da ba matalauta dukiya, ya ce Kiristoci ba sa aiki da su, ya kuma amsa cewa shi ma ba ya iya cika su. Ya ce Yesu ya sa ran dawowarsa a zamanin mutanen da ke raye a lokacin, ya soki koyarwar azabar wuta ta har abada, ya kawo labarin aladun Garasinawa da na itacen ɓauren da aka la'anta. Ya kuma nuna shakku ko Yesu ya taɓa rayuwa a tarihi. A ƙarshe ya ce coci-coci sun kasance masu hana ci gaban ɗabi'a, ya ba da misali da hana saki da hana ƙayyade haihuwa ko da miji na ɗauke da cuta, ya kuma ce tsoro ne tushen addini.

Duk wanda ya lura zai ga waɗannan maganganu ba iri ɗaya ba ne. Wasu lissafin hankali ne, wasu hukunci ne a kan tarihi, wasu kuwa fassarar zukatan mutane ne. Wannan bambanci shi ne mabuɗin batun.

4.0 Shari'ar 1940

A farkon 1940 hukumar ilimi mai zurfi ta birnin New York ta naɗa Russell malami a City College, domin ya koyar da manɗiƙi da tushen lissafi da alaƙar kimiyya da falsafa. Bishop William Manning na cocin Episcopal ya rubuta wa jaridu yana adawa da naɗin, yana kafa hujja da ra'ayoyin Russell a kan aure. Wata mata mai suna Jean Kay ta shigar da ƙara a matsayinta na mai biyan haraji, duk da cewa 'yarta ba ɗalibar kwalejin ba ce. A ranar 30 ga Maris alƙali John McGeehan ya soke naɗin bisa dalilai uku: Russell ba ɗan ƙasa ba ne, bai zauna jarrabawar neman aiki ba, kuma rubuce-rubucensa, musamman Marriage and Morals na 1929, suna ɓata tarbiyya. Ba a ba Russell damar shiga shari'ar ya kare kansa ba. Magajin gari Fiorello La Guardia ya cire kuɗin muƙamin daga kasafi, maganar ta mutu. Albert Einstein da John Dewey suna cikin waɗanda suka goyi bayan Russell, jami'ar Harvard kuma ta bar shi ya gabatar da laccocinsa a wannan shekarar.

Darasin wannan shari'a shi ne cewa ba ta amsa ko da hujja ɗaya daga cikin hujjojin 1927 ba. An hana mutum aiki, amma tambayoyinsa suna nan yadda ya bar su. Hasali ma, lokacin da Paul Edwards ya tattara maƙalun Russell a kan addini a 1957, ya haɗa da cikakken bayanin shari'ar a ƙarshen littafin, sai ta zama wa masu karatu shaida a kan zargin da Russell ya yi cewa hukumomin addini suna danne tunani. Waɗanda suka yi nufin kare addini sun ƙara wa mai sukarsa ƙarfi.

5.0 Rabe-raben Magana da Hurumin Hali

5.1 Hujjar Hankali

Hujjar hankali tana da muƙaddimomi da sakamako. Ana karya ta ne ta ɗayan hanyoyi biyu: a nuna wata muƙaddima ƙarya ce, ko a nuna sakamakon bai biyo bayan muƙaddimomin ba. Yawan auren mai hujjar ba ya cikin waɗannan biyun. Da wani mai kamun kai ne ya karanta laccar Battersea kalma da kalma, ƙarfinta da rauninta ba za su canja ba. Gottlob Frege, wanda ake ɗauka uban manɗiƙin zamani, ya bar littafin ajiyar tunani na 1924 mai ɗauke da ƙiyayya ga Yahudawa, abin da ya girgiza masanin aikinsa Michael Dummett, amma ba a soke ko ƙa'ida ɗaya ta manɗiƙinsa saboda haka ba.

Raunin da ke cikin sukar Russell ma ta hanyar karanta ta aka gano shi. Masu bin tafarkin Thomas Aquinas sun nuna cewa hujjar musabbabi na farko ba ta taɓa cewa kowane abu yana da musabbabi ba. Abin da take cewa shi ne duk abin da samuwarsa ta dogara da waninsa yana buƙatar bayani, don haka Russell ya kai wa wata siga mai rauni hari ya bar mai ƙarfin. Wannan ne ya fito fili a muhawarar da ya yi da limamin Katolika Frederick Copleston a rediyon BBC a 1948, inda Copleston ya matsa a kan bayanin samuwar duniya, Russell kuma ya tsaya a kan cewa duniya tana nan kawai, ba ta buƙatar bayani. Masana har yau sun rabu a kan wanda ya fi gaskiya, amma muhawarar ta amfani masu sauraro domin Copleston bai taɓo auren abokin muhawararsa ba. Haka kuma shakkun Russell game da rayuwar Yesu a tarihi: kusan dukkan masana tarihi, masu imani da marasa shi, sun ƙi wannan ra'ayi, suna dogara da wasiƙun Bulus da Linjila da ambaton da Tacitus da Josephus suka yi. Takardun tarihi ne suka kayar da maganar.

5.2 Shaida

Shaida dabam take. Idan mutum ya ce ya ga abu ko ya ji abu, mai sauraro ba shi da hanyar tabbatarwa sai amanar mai faɗa. Masu karatun hadisi sun san wannan sosai, domin malaman fannin sun shar'anta adalci da kiyayewa ga mai ruwaya, suka kafa ilimi sukutum na tantance mazajen isnadi. Sai dai ba su shar'anta haka ga mai warware matsalar lissafi ba, tunda kowa zai iya bin lissafin ya gani da kansa. Kotuna ma haka suke yi: ana tuhumar amanar shaida, amma ana auna bayanin lauya da doka.

A cikin laccar Russell akwai maganganun da suka fi kusa da shaida. Cewa tsoro ne tushen addini ba sakamakon wata hujja ba ne da aka jera, ba kuma binciken da aka gudanar a kan masu imani ba ne. Hukunci ne na mutum ɗaya a kan zukatan miliyoyi, wanda mai karatu zai karɓa ne idan ya amince da zurfin sanin mai maganar da adalcinsa. A nan halal ne a tambayi wane irin addinin Kirista Russell ya sani. 'Yarsa Katharine Tait, wadda ta karɓi addinin Kirista har ta yi aikin mishan a Yuganda tare da mijinta, ta rubuta littafi a kansa a 1975 cikin ƙauna da ciwo. A ganinta, addinin da mahaifinta ya taso a ciki na takura ne da jin laifi, kuma akwai wani gurbi a zuciyarsa da bai taɓa samun abin cike shi ba. Wannan bayani bai tabbatar da cewa maganarsa ƙarya ce ba, amma ya isa ya sa mai karatu ya ƙi karɓarta hannu biyu-biyu, ya nemi dalili.

Akwai kuma haɗarin ɗaukar martabar masani daga fanni zuwa fanni. Imam al-Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi gargaɗi a littafinsa al-Munƙidh mina al-Dalal game da ɓarna biyu. Ta farko, ɗalibi ya ga ƙwarewar masana falsafa a lissafi sai ya miƙa musu wuya a batun addini. Ta biyu, mai kishin addini ya ƙaryata lissafinsu na gaskiya saboda kafircinsu, sai ya jawo wa addini raini. Gargaɗin ya dace da Russell ta fuska biyu. Principia Mathematica ba ta mai da shi hujja a kan tarihin Linjila ba, kuma tarihin aurensa bai mai da hujjarsa ɓatacciya ba.

5.3 Kira Zuwa Tafarkin Rayuwa

Kashi na uku shi ne inda hali ya fi nauyi. Russell bai tsaya ga suka ba, ya gabatar da madadi. A Marriage and Morals ya yi kira da a sassauta dokokin aure na Kirista, ya ga cewa ma'aurata masu wayewa za su iya danne kishi su yarda da hulɗar juna da wasu ba tare da gida ya rushe ba. Wannan da'awa ce game da abin da ɗan Adam zai iya ɗauka, kuma ana gwada irinta a aikace. Aurensa da Dora gwaji ne na wannan ra'ayi, kuma bai yi nasara ba. A tarihin rayuwarsa da ya wallafa tsakanin 1967 da 1969 ya amsa cewa juriyarsa ba ta kai abin da aƙidar tasa ta nema daga gare shi ba. Mai kawo wannan a muhawara bai kauce hanya ba, domin shaida ce da ta shafi ainihin da'awar.

Duk da haka akwai iyaka biyu. Ta farko, gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci a kan ra'ayi baki ɗaya, kamar yadda mutuwar auren Kirista ɗaya ba ta soke koyarwar coci a kan aure. Ta biyu, faɗuwar ra'ayin Russell a kan aure ba ta tabbatar da samuwar Allah ko tashin matattu. Mutum zai iya kuskure a kan kishi ya yi daidai a kan wata hujja ta falsafa, ko akasin haka.

Ana kuma cewa Russell yana da wata maslaha a cikin sukarsa, tunda dokar da yake suka ita ce ke ɗaure shi. Wannan zato ne mai ma'ana, musamman ganin misalin saki da ya zaɓa a laccarsa. Amma tarihi ya nuna ya bar imani tun yana ɗan shekara 18, bayan ya karanta tarihin rayuwar John Stuart Mill, shekaru kafin aurensa na farko. Ko da ma an tabbatar da maslahar, abin da take wajabtawa shi ne ƙarin bincike. C. S. Lewis, wanda shi kansa mai kare addinin Kirista ne, ya yi nuni a wata maƙala ta 1941 cewa wajibi ne a fara nuna mutum ya yi kuskure kafin a shiga bayanin abin da ya kai shi ga kuskuren.

6.0 Matsayin Koyarwar Kirista

Koyarwar Kirista kanta ta bambance saƙo da mai ɗauke da shi. A Linjilar Matiyu sura ta 23, Yesu ya umarci jama'a su bi abin da malaman Attaura da Farisiyawa suke koyarwa amma kada su yi koyi da aikinsu. A wasiƙarsa ga Filibiyawa, Bulus ya ce wasu suna wa'azi ne don hassada, amma ya yi murna tunda saƙon yana isa. Bayan tsanantawar da sarki Diocletian ya fara a 303, rikici ya ɓarke a cocin Arewacin Afirka, inda mabiya Donatus suka ce baftismar limamin da ya ci amana ba ta inganta. Augustine, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya tsaya a kan cewa ingancinta daga Almasihu yake, ba daga tsarkin limami ba, kuma taron Carthage na 411 ya yanke hukunci a kan mabiya Donatus. Cocin da ya yarda cewa gaskiya na iya fitowa daga bakin limami mai zunubi ba shi da dalilin cewa tambaya mai ma'ana ba za ta fito daga bakin mai suka mai zunubi ba.

Akwai ayoyin da ake kawowa ta ɗaya ɓangaren. Matiyu sura ta 7 ta koyar da gane annabawan ƙarya ta 'ya'yan da suke haifarwa, Romawa sura ta 1 kuma ta yi magana a kan masu danne gaskiya saboda rashin adalcinsu. Ta farko tana magana ne a kan masu da'awar isar da saƙo daga Allah, wato masu neman a gaskata su bisa amana, don haka ta faɗa kashi na biyu na rabe-raben da aka yi a sama. Ta biyu kuwa bayani ne daga cikin imani game da dalilin rashin imani. Mai bi yana da haƙƙin riƙe ta, amma ba za ta zama amsa ga wanda ke tambayar tushen imanin ba, domin ta riga ta ɗauki abin da ake jayayya a kansa. Wasiƙar Bitrus ta fari, sura ta 3, ta umarci masu bi su kasance a shirye su ba da dalilin begensu cikin tawali'u da ladabi, kuma dalili shi ne abin da mai suka yake nema.

7.0 Ma'auni Ɗaya

Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa sai ya hango na wani. Idan mugun hali yana rushe suka, to kyakkyawan hali zai tabbatar da ita, kuma wannan ba zai yi wa masu kariya daɗi ba. Tun 1682 Pierre Bayle ya yi jayayyar cewa marar imani zai iya zama mutumin kirki, kuma rayuwar Spinoza ta gudun duniya ta zama misalin da ake yawan kawowa. David Hume, wanda sukarsa ga mu'ujizai ta fi ta Russell zurfi, ya rasu a 1776 cikin natsuwa, abokinsa Adam Smith kuma ya yabe shi a wata wasiƙa da aka buga a matsayin mutumin da ya kusa cikar hikima da nagarta, abin da ya jawo wa Smith zagi mai yawa. Nagartar Hume ba ta tabbatar da hujjarsa ba, kamar yadda laifin Russell bai rushe tasa ba.

Haka kuma ma'aunin zai faɗa kan masu kariya. Wasiƙun da aka wallafa a 2008 sun bayyana dangantakar Karl Barth, babban masanin tauhidin Furotesta na ƙarni na 20, da mataimakiyarsa Charlotte von Kirschbaum, wadda ta zauna a gidansa tare da matarsa shekaru masu yawa. Binciken da aka fitar a watan Fabrairun 2021 ya sami shaidu masu ƙarfi na cin zarafin mata a kan Ravi Zacharias, ɗaya daga cikin sanannun masu kare addinin Kirista, bayan rasuwarsa a 2020. Waɗannan abubuwa sun zubar da amanar da aka ba mutanen, kuma daidai ne su zubar da ita. Amma Kiristan da ya ce laifin mai wa'azi bai ƙaryata Linjila ba, dole ya ba Russell irin wannan adalci.

Shi ma Russell ma'aunin ya kama shi. Wani ɓangare na laccarsa ya ginu ne a kan munanan ayyukan coci, kamar kotunan binciken aƙida da ƙona matan da aka zarga da maita. Waɗannan sun faru, kuma suna da nauyi a kan da'awar cewa imani yana gyara hali, domin ita ma da'awa ce ta kashi na uku. Amma ba su da ta cewa a kan ko akwai Allah ko babu. Wanda ya yarda a auna addini da aikin mabiyansa ya yarda a auna madadinsa da aikin masu kira gare shi, sannan adalci ya wajabta a sa asibitoci da makarantu da gwagwarmayar irin su William Wilberforce ta hana cinikin bayi a ɗaya gefen sikelin.

8.0 Kammalawa

Binciken ya nuna cewa amsar tambayar ta dogara da irin maganar da ake aunawa. Inda Russell ya kawo hujjar hankali ko da'awar tarihi, halinsa ba shi da hurumi, kuma raunin da aka samu a wurin an same shi ne ta hanyar manɗiƙi da takardun tarihi. Inda ya yanke hukunci a kan zukatan masu imani ba tare da dalili ba, tarihin rayuwarsa yana rage amanar da za a ba shi, ba tare da ya ƙaryata maganar ba. Inda ya yi kira zuwa sabon tsarin aure, rayuwarsa shaida ce halastacciya, ko da yake ba ta isa ita kaɗai ba. Shari'ar 1940 da muhawarar 1948 sun nuna sakamakon hanyoyin biyu: ta farko ta hana mutum aiki ta bar tambayoyinsa ba amsa, ta biyu ta fito da ainihin wurin saɓani. Abin da ya wajaba a kan mai nazari, ko mai imani ne ko marar shi, shi ne ya fara tantance wane kashi magana ta faɗa, ya amsa hujja da hujja, ya binciki shaida da amana, ya gwada tafarkin rayuwa da sakamakonsa, sannan ya yarda a yi wa nasa ɓangaren irin awon da ya yi wa na abokin jayayyarsa.